Idan Tsohuwar Land Cruiser Ta Fara Misin

Maganar nan a kan misin ce, wato silinda ta riƙa ƙin ƙona fetur har inji ya yi karkarwa, a Land Cruiser 80, wadda Toyota ta yi daga 1990 zuwa 1997, mai injin fetur 1FZ. Silinda shida ne a jere, lita 4.5, bawul 24. Iri biyu ne ke yawo a garuruwanmu: 1FZ-F mai kabureta, wanda aka fi kai wa ƙasashen Larabawa da Afirka, da 1FZ-FE mai nozul (abin da ke fesa wa inji fetur) da biren bos (akwatin lantarki mai sarrafa wuta da fetur), wanda yawancin 'yan Kwatano ke zuwa da shi. Na biyun ne ya fi ba bakanike ciwon kai, don haka shi za a fi yi wa bayani. Mai dizal, irin 1HZ, ba shi da fulogin tartsatsi balle a yi maganar wuta, nasa lissafin daban ne.

Kuskuren da aka fi yi shi ne sayen kaya kafin a san ciwo. Mota ta fara karkarwa, sai a canja fulogi, a canja koyil, a wanke nozul, daga ƙarshe a ɗora wa biren bos laifi. Biren bos ɗin wannan mota bai cika mutuwa ba. Motar da ta haura shekara ashirin da biyar tana shan rana da ƙura da ruwan damina, abin da ke fara gajiya a jikinta shi ne waya da soket da roba.

Kafin ka ɗauki sifana, tambayi mai motar yaushe take yin abin. Misin da ke zuwa da sassafe ya ɓace bayan minti ɗaya ko biyu, daban yake da wanda sai inji ya yi zafi. Wanda ke fitowa a hawan tudu ko cikin yashi, lokacin da aka danne totur, yawanci wuta ce ta yi rauni, domin idan matsi ya ƙaru a cikin silinda tartsatsin na buƙatar ƙarfi sosai kafin ya tsallaka bakin fulogi. Wanda ke zuwa a silo, wato inji na aiki ba a taka totur ba, ya tafi da zarar an taka, iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya. Wanda kuwa ke zuwa daidai lokacin da aka faɗa rami ko gargada, waya ce ke motsi.

Abu na gaba shi ne a raba tsakanin silinda ɗaya da ta mutu da misin mai yawo. Tada inji ya tsaya a silo, wajen 650 a minti idan ya ɗumama. Da filaya mai roba a hannu, zare wayar fulogi ɗaya daga kan distiributa, mai raba wa fulogai wuta, ka riƙe ta kusa da inda ta fito don wutar ta sami wurin tsallakawa. Idan inji ya ƙara raurawa, wannan silinda na aiki. Idan bai ji komai ba, ka kama ɓarawon. Kada ka daɗe, daƙiƙa biyu ko uku sun isa, don ɗanyen fetur na gangarawa salansa, wutar da ta rasa hanya kuma na iya ƙona iginaita, abin da ke kunna koyil. Jerin tashin wutar shi ne 1-5-3-6-2-4, silinda ta ɗaya ita ce ta wajen fanka. A rubuta wannan a ajiye, domin sau da yawa bayan an yi sabis ake musanya wayoyi biyu, motar ta dawo da misin da ba ta je da shi ba.

Idan silinda ɗaya ce, aikin ya yi sauƙi. Cire fuloginta ka karanta shi. Baƙin toka busasshe na nuna fetur ya yi yawa ko wuta ba ta isa. Jiƙaƙƙe mai warin fetur, wuta ba ta zuwa gaba ɗaya. Mai maiƙo a baki, baƙin mai ne ke hawowa ta ringi ko ta robar bawul. Sai kuma wanda ya fi ban tsoro: fulogi fes kamar an wanke shi da sabulu alhali 'yan uwansa na da launin ƙasa. Wannan ruwan lagireto ne ke shiga silinda. A wannan inji gasket ɗin kai ya fi yawan huje wa a silinda ta shida, ta can baya. Alamarsa misin da safe, ruwa na raguwa ba a ga inda yake zuba ba, da kumfa a bakin lagireto idan an buɗe murfi inji na sanyi aka tada.

Leƙa cikin ramin da fulogin ya fito ma. Fulogin wannan inji a cikin dogayen bututu suke, kowanne da robarsa a murfin bawul. Idan robar ta bushe, baƙin mai na taruwa a ramin, ya jiƙa kan waya, wuta ta riƙa zillewa ta gefe. Wanda aka shiga kogi da shi ko aka wanke injinsa da famfo mai ƙarfi, ruwa ne za ka tarar. A tsane, a canja robobin, in ba haka ba sabon fulogi ma wata biyu zai yi.

Tazarar bakin fulogi milimita 0.8 ce, a auna da ma'auni, ba da ido ba. Don tabbatarwa, musanya fulogin silindar da ta mutu da na mai lafiya. Idan misin ya bi fulogi, shi ke nan. Idan ya tsaya inda yake, auna wayar da mitar auna wuta: kowace ɗaya kada ta wuce kilo-om 25, kuma ka lanƙwasa ta kana aunawa, domin wadda ta karye a ciki tana nuna lafiya idan tana miƙe. Da dare, a wuri mai duhu, fesa ɗan ruwa a kan wayoyin inji na aiki. Tsohuwar waya za ta nuna kanta da shuɗin tartsatsi.

Buɗe murfin distiributa ka duba ciki da fitila. Siririn layi baƙi kamar an ja da fensir daga wannan ƙarfe zuwa wancan hanya ce da wuta ta ƙona wa kanta, kuma goge shi ba ya magani, sai sabon murfi. Duba ɗan gawayin tsakiya ko ya cinye, duba bakin rota ko ya ƙone. Danshi a cikin murfin shi ne dalilin da mota ke misin bayan ta tsallake ruwa, ta warke da kanta idan rana ta buɗe.

Wuta ta yi daidai amma silindar ba ta tashi ba? Koma kan nozul. Ɗora bakin dogon sukudireba a jikinsa, kunnenka a kan mariƙin, ya kamata ka ji ƙas-ƙas-ƙas a jere. Zare soket ka auna, tsakanin om 12 da 16 ake so. Idan nozul lafiya amma shiru, saƙo ne ba ya isowa, kuma nan ne ake zuwa wurin da wannan mota ta yi suna. A waɗanda aka yi wa kasuwar Amurka, babban damin wayoyin inji na wucewa dab da bututun EGR, mai mayar da hayaƙi cikin inji, a bayan inji, kusa da bangon da ya raba inji da ɗakin direba. Zafin bututun na gasa damin shekara da shekaru har robar wayoyin ta farfashe, su riƙa taɓa juna. Sakamakon shi ne misin da ba ya da lokaci, yau akwai gobe babu, wani lokaci har fis ya ƙone. Inji na silo, sa hannu da tsumma ka girgiza damin a hankali. In inji ya yi tuntuɓe, warware tef ɗin, a gyara wayoyin ɗaya bayan ɗaya da dalma, a naɗe da abin da ke jure zafi, a ɗaure damin nesa da bututun. Murɗa waya da hannu a rufe da baƙin tef a wannan wuri ɓata lokaci ne.

Idan wuta da fetur duk suna zuwa, saura matsin silinda. Inji da ɗumi, a cire fulogi shida da fis ɗin EFI, wato na biren bos, a danne totur har ƙasa, a auna. Lafiyayye na ba da wajen psi 170, mafi ƙaranci da aka yarda da shi 128, kuma bambanci tsakanin silinda da silinda kada ya wuce 14. Wadda ta yi ƙasa, zuba mata cokalin shayi ɗaya na baƙin mai ka sake aunawa. In ta hau, ringi ne. In ba ta motsa ba, bawul ne ko gasket. Biyu maƙwabta da suka faɗi tare, gasket ne ya huje a tsakaninsu.

Misin mai yawo kuwa, wanda ba ya zama a silinda ɗaya, abin da duka shidan suke tarayya a kai za a nema. Fara da katon tiyon roba da ya taso daga mitar iska, mai ƙirga iskar da ke shiga inji, zuwa totur. Yana tsagewa a cikin lanƙwasarsa ta ƙasa, inda ido ba ya gani sai an cire an matsa. Iskar da ta shiga ta nan mita ba ta ƙirga ta ba, sai fetur ya yi kaɗan. Idan inji ya karkata wajen tashi ko hawa, tsagar ta buɗe, motar ta shaƙe, ta saki, ta sake shaƙewa. A 'yan 1993 da 1994 mitar iskar mai ƙofa ce, kuma akwai gargaɗi a nan: soket ɗinta da ɗan siririn ƙarfe aka maƙale shi, shi ake ɗagawa. Wanda ya kwance sukurori biyun da ke gefe ya ja, ya tsinke dalmar ciki, ya kashe mitar.

Sai fetur. Matsinsa tsakanin psi 38 da 44 ne. Motar da ke shan man bumburutu a jarka, filtarta da ragar famfon cikin tanki ba sa daɗewa, kuma alamar ita ce silo lafiya lau amma a kan hanya ta riƙa ja baya. Ɗebi kaɗan a kwalba ka bari ya kwanta, in da ruwa za ka gan shi a ƙasa.

Biren bos ɗin na iya faɗa maka abin da ya gani, kuma a tsofaffin ba ka buƙatar kwamfuta. Akwai ɗan akwati a ƙarƙashin bonet da aka rubuta DIAGNOSIS a murfinsa. Haɗa ramukan TE1 da E1 na cikinsa da guntun waya, buɗe makulli ba tare da tada inji ba, ka ƙirga ƙiftawar fitilar inji a dashbod. Ƙiftawa a jere ba tsayawa na nufin babu laifi a ajiye. In akwai, lamba biyu ce: ƙifta ɗaya, ɗan tsayawa, ƙifta huɗu, wato 14, saƙon iginaita ya ɓace. 12 da 13 na saƙon juyin inji ne daga distiributa, 22 sensar zafin ruwa, 25 fetur ya yi kaɗan, 26 ya yi yawa, 31 mitar iska, 41 sensar totur. Lambar na nuna layin da matsalar take ne kawai. 22 na iya zama koren tsatsa a soket, sensar kuma lafiyarta ƙalau, don haka a auna ta: kilo-om 2 zuwa 3 a digiri 20, ta sauko om 200 zuwa 400 a digiri 80. Da wannan waya a haɗe ake saita lokacin wuta, digiri 3 kafin fistin ya kai ƙololuwa. Motocin kasuwar Amurka na 1996 da 1997 kuwa da na'ura ake karanta su, P0301 zuwa P0306 na faɗin silindar kai tsaye.

Maganar sensar ruwa ta jawo wata ɗabi'a tamu. Ana cire tamostat, abin da ke tare ruwa har inji ya ɗumama, wai ƙasarmu da zafi. Inji sai ya ƙi kaiwa zafin aikinsa, musamman a hunturu, biren bos ya ɗauka har yanzu safiya ce, ya ci gaba da ƙara fetur. Fulogi ya yi baƙi, mai ya riƙa tafiya, a zo ana neman misin a inda ba ya nan.

In ka buɗe makulli fitilar inji ba ta kama ba sam, biren bos ba ya samun wuta. Duba fis ɗin EFI mai amfiya 15, da rilensa, sannan wayoyin kariya guda uku da ke jikin kan batir mai alamar tarawa. Waɗannan suna ruɓewa a cikin rigarsu. Ja kowace a hankali, wadda ta miƙe kamar roba ta tsinke a ciki, wadda ta kusa tsinkewa kuma ita ce ke kashe mota a gargada ta sake tashi. Kada a maye gurbinsu da wayar gida, aikinsu su ƙone kafin motar ta ƙone.

Wayar at, wadda ke mayar da wuta ta jikin inji da bodi, ba a gwada ta da kallo. Batir a huce 12.6 ne, lokacin kik kada ya faɗi ƙasa da 9.6, inji na aiki ya nuna 13.5 zuwa 14.5. Sa baƙin tsinken mita a kan batir na ragewa, jan a jikin inji, wani ya yi kik. Abin da ya wuce bolt 0.3 na nufin wuta na maƙalewa a hanya. Kwance, kankare har ƙarfe ya yi haske, ɗaure, shafa giris a sama. Yi haka ga wadda ke zuwa bodi da ƙananan da ke ɗaure a jikin manifol, domin ta nan biren bos da nozul ke samun nasu. Juya mitar zuwa AC a kan batir inji na aiki, fiye da rabin bolt na nuna dayod ɗin altaneta ya lalace, kuma wannan gurɓatacciyar wuta na rikita saƙon distiributa. Gwajin da wasu rewaya ke yi na zare kan batir inji na aiki don a ga ko altaneta na caji, a mota mai kabureta aka gaje shi. A mai biren bos wutar na iya yin tsalle ta ƙona shi nan take.

Bayan gyara, zare fis ɗin EFI na rabin minti don tsofaffin lambobi su goge, cire guntun wayar TE1, sannan a fita da motar zuwa irin hanyar da take yin misin ɗin, da zafinta da lodinta, a dawo a sake karanta fitilar.