Tarihin Rayuwata, Kashi na 23: Damunar da Aka Ce Kowa Ya Nemi Bindiga

A makon jiya na tsaya a kan yadda aikin ƙaramin asibitin ƙauyenmu ya koma wuyana ni kaɗai, bayan abokin aikina ya nemi canjin wuri saboda matsalar tsaro, na zama ni ne mai duba marasa lafiya, ni ne mai wanke ciwo da ɗinki, ni ne kuma mai ba da magani. Yau zan shiga damunar 2022, wadda a cikinta maganar bindiga ta fito daga bakin maharba ta shiga bakin kowa, har mata a wajen daka.

A ƙarshen watan Yuni na wannan shekara ne gwamnatin Jihar Zamfara, ƙarƙashin Gwamna Bello Matawalle, ta ba da sanarwar cewa jama'a su shirya mallakar bindiga domin kare kansu daga 'yan bindiga, kuma za a raba fom 500 ga kowace ɗaya daga cikin masarautu 19 na jihar. Ba shi ne gwamna na farko da ya faɗi irin wannan magana ba, domin Gwamna Aminu Bello Masari na Katsina ya riga shi tun a 2021. Kwanaki kaɗan bayan sanarwar, Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da hurumin ba da wannan umarni, 'yan sanda kuma suka ce dakatarwar da aka yi wa ba da lasisi tana nan daram. Mu da muke ƙauye mun ji maganar farko da kunnuwa biyu, ta biyun kuwa kaɗan ne suka saurare ta, saboda mutumin da aka kore wa shanun noma aka kuma hana shi zuwa gonarsa ba ya jiran manya su gama gardama a Abuja. Maƙera suka samu ciniki irin wanda ba su taɓa gani ba, matasa suka riƙa sayar da akuya da buhun gero suna karɓo harba-ka-ruga.

Maigari ya kira ni ya ce, tunda ni ne mai karatun boko a kusa, in binciko masa abin da doka ta tanada, don kada a jefa jama'arsa cikin laifi. Na samo Dokar Bindigogi ta 1959, wadda har yanzu ita ce ginshiƙi, na zauna na karanta ta a tsanake. Dokar ta kasa makamai gida uku: akwai waɗanda aka haramta, irin na soja, da ba mai riƙe su sai da izinin Shugaban Ƙasa, akwai bindigogin amfanin kai irin mai baki biyu, waɗanda lasisinsu yake hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda, sannan akwai waɗanda ake ɗurawa ta baki, irin na maharbanmu, waɗanda aka bar lamarinsu a matakin jiha. Ta kuma lissafa waɗanda ba za a ba lasisi ba, wato wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi marar kamun kai, da wanda aka yanke wa hukunci kan laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka gabata. A matsayina na ma'aikacin lafiya, na yaba da batun gani, amma na yi mamakin yadda a cikin waɗannan sharuɗɗa aka kula da idon mutum da halinsa, ba a tambayi ko hannunsa ya san abin da zai riƙe ba.

Ban daɗe da karanta dokar ba na fara ganin amsar tambayar a kan teburin ɗinki. Raunukan da aka riƙa kawo mini a wannan damuna ba duka ne na harbin ɓarayin daji ba. Da yawa bindigar mutum ce ta cuce shi, ko ta ɗan'uwansa da suke sintiri tare. Harba-ka-ruga tana da ka'idarta. Ana zuba albarushi ta baki daidai gwargwado, a danna shi da tsumma da sandar ɗuri, sannan a zuba ƙarafa ko dalma a sake toshewa. Matashin da bai koya ba yana ganin yawan albarushi shi ne ƙarfin harbi, sai ya ninka awo, alhali bututun da maƙeri ya yi amfani da shi sau da yawa na ruwa ne, ba a yi shi don ɗaukar wannan wuta ba, sai ya tsage a daidai inda hannun hagu yake riƙe. Wani kuma ya manta ya ɗura da yamma, ya ƙara ɗuri a kan ɗuri cikin duhu. Mafi muni shi ne albarushin da ya sha danshin damuna: a ja kunama ya ƙi tashi nan take, mai bindigar ya sauke ta ya juyo da bakinta don ya duba, a lokacin ne kuma take tashi. Na ɗinke tafin hannu da ya rabu biyu, na tura wani yaro babban asibiti da baƙin albarushi a idanunsa, kuma har yau yana noma da ido ɗaya.

Kawuna, yayan mahaifiyata, tsohon maharbi ne da ya yi zamani a dajin da yanzu ba mai iya shiga. Wata rana ya zo karɓar maganin ciwon gwiwa ya tarar ina naɗe hannun wani saurayi, ya tsaya ya daɗe yana kallo, bayan an fita da yaron ya ce mini, "Likita, wa ya ba wannan bindiga?" Na ce, "Kawu, da kuɗinsa ya saya." Ya girgiza kai ya ce a zamaninsu yaro yakan yi shekaru yana bin ubangidansa, yana ɗaukar masa jaka da gora, yana koyon awon albarushi da yadda ake tsallake rafi da bindiga ɗure, kafin a yarda ya ɗora yatsa a kan kunama, kuma Sarkin Baka yana iya karɓe bindigar duk wanda aka ga yana wasa da bakinta a cikin mutane. "Mu ba mu da takarda," in ji shi, "amma ba a taɓa ba wa jahilin bindiga bindiga ba."

Daga baya na gano cewa abin da Kawu ya faɗa yana rubuce a wata takardar da Najeriya ta sa wa hannu. Yarjejeniyar ECOWAS, wato ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, kan ƙananan makamai, wadda aka rattaba wa hannu a Abuja a 2006, ta ce kafin a ba farar hula lasisi sai ya nuna dalilin da ya sa yake buƙatar makamin, da inda zai adana shi, da shaidar cewa ya samu horo kan kiyaye haɗari da ƙwarewa, har da sanin dokokin da suka shafi makami. Ra'ayina tun daga lokacin bai canja ba: lasisin da ba a ɗaura shi da horo ba, izini ne kawai na riƙe abin da zai iya kashe mai shi da maƙwabcinsa. Muna tilasta wa direba ya koyi tuƙi kafin a ba shi lasisi, alhali mota ba don kisa aka ƙera ta ba.

Akwai wani manomi a majalisar maigari da ya ƙalubalance ni, kuma maganarsa tana da nauyi. Ya ce ɓarawon da ke shigowa da AK-47 bai cika fom ba, bai je makaranta ba, kuma duk sharaɗin da aka ƙara, talaka ne zai biya shi da kuɗin mota zuwa Gusau da kuɗin takarda, har ya gaji ya sayi tasa a ɓoye. Na yarda da shi cewa idan horo ya zama wata sabuwar ƙofar karɓar kuɗi, to ya lalace tun kafin a fara. Abin da nake nufi shi ne horo na kyauta, a fadar uban ƙasa, da Hausa, a aikace ba a rubuce ba, domin yawancin masu buƙatarsa ba su iya riƙe alƙalami ba, kuma a haɗa da bayanin lokacin da doka ta yarda mutum ya yi harbi don kare kansa da lokacin da harbin ya zama kisan kai. Wannan ɓangare na ƙarshe ya fi damuna, saboda na ga yadda fushi ke sa a ɗauki kowane baƙon makiyayi a matsayin ɓarawo, ramuwar da ke biyo baya kuma a kan ƙauye gaba ɗaya take sauka.

Maigari ya amince aka fara tara masu sintiri a bayan gari da yammacin Juma'a. Kawu yana nuna musu awo da yadda ake gane bindiga ɗure da sandar ɗuri, wani tsohon soja da ya dawo gida yana koya musu tafiya a jere ba tare da bakin bindigar wani ya kalli bayan wani ba, ni kuma ina nuna musu yadda ake danne jijiya a tsayar da jini kafin a iso asibiti. Da gwamnatin jiha ta ƙaddamar da Askarawan Zamfara, wato rundunar sa-kai ta tsaron garuruwa, a watan Janairun 2024, bayan Katsina ta kafa tata rundunar a Oktoban 2023, sai da aka ba waɗanda aka ɗauka horo kafin a tura su aiki, kuma wasu daga cikin yaranmu na bayan gari suna cikinsu.

A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba da labarin daren da aka rufe hanyar garinmu, muka karɓi haihuwa da hasken tocila.