Laraba: Zama na Bakwai

Yau bayan azahar na zauna da wani yaro ɗan shekara 11 tare da kakarsa, yaron da har yanzu yake firgita cikin barci tun daren da mahara suka afka wa ƙauyensu. Wannan ne zamanmu na bakwai, kuma bisa horon da aka ba mu bara kan jinyar yaran da mummunan abu ya firgita, ya kamata a ce mun fara rubuta labarin wannan dare, shi yana faɗa ni ina rubutawa, kaɗan-kaɗan har gabansa ya daina faɗuwa idan ya tuna. Amma da ya kai ga cewa "sai suka buga ƙofa", ya kama murza bakin rigarsa, ni kuwa nan take na ce mu koma ga jan numfashi. Ya tafi yana murmushi, kakarsa kuma ta ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yata."

Sai da na dawo gida na kakkaɓe ƙurar littafin horon, sannan na yarda cewa wannan ne karo na uku da na kauce. Tsarin da aka koya mana, wato TF-CBT, hanyar jinyar firgici ta tattaunawa, wanda Judith Cohen da Anthony Mannarino da Esther Deblinger suka samar a Amurka domin yara 'yan shekara 3 zuwa 18, matakai ne a jere: a fahimtar da yaro da mai riƙonsa, a koya masa kwantar da jiki da tantance abin da yake ji, sannan a shiga labarin, daga baya ya karanta wa mai riƙonsa. Matakan farko na riƙe su kamar karatun allo, domin ba sa sa kowa kuka. Na labarin kuwa ban manta shi ba, tsoronsa nake ji, alhali gudun tunawa yana cikin alamomin ciwon da na ce ina yi wa magani.

A binciken da aka yi kan wannan tsari a Lusaka ta ƙasar Zambiya, wanda aka wallafa a 2015, waɗanda suka yi aikin ba likitoci ba ne, amma duk mako akwai mai bibiyar aikinsu. Mu kuwa kwana biyar muka yi, aka ba mu takardar shaida, aka ɗauki hoto, kowa ya kama gabansa.

Bayan isha'i na kira abokiyar aikina da muka yi horon tare, sai ta yi dariyar kunya, ta ce ita ma yaranta duk sun ƙware a numfashi. Mun tsayar da cewa duk Alhamis za mu zauna mu duba takardun juna. Na ɗauko farar takarda domin Larabar gaba, na rubuta a samanta: "Sai suka buga ƙofa."