Abin da na tarar a ƙarƙashin kwalta

Asabar. Hazo ya sauka tun asuba, darbejiyar ƙofar gida ma da ƙyar ake hango ta. Maman Abba ta ce in bari rana ta ɗan ɗaga, na ce mata ƙarfe ba ya jin sanyi. Kunu da ƙosai, sai na zura tsohuwar rigar aiki na shige ƙarƙashin akori-kura.

Ga inda aka kwana a gyaran motar nan tawa. An sauke bodin baya, tankin mai yana can bayan ɗaki nesa da wuta, batir a kwance, motar tana zaune kan bulo da katako a tsakar gida, Hajiya kuma tana ta mitar na mayar mata da gida gareji. Shirina na yau mai sauƙi ne: in gurje tsatsar shasi, wato ƙarfen ƙasa da ke ɗauke da jikin mota, in shafa maganin tsatsa, in ya bushe in bi da jan fenti. Har na yi wa Abba alkawarin tsire in mun gama kafin magariba.

Kafin in kunna giranda sai na bi ƙarfen da ƙaramar guduma, ina ƙwanƙwasawa taku bayan taku. Lafiyayyen ƙarfe amo gare shi, ƙal-ƙal, har cikin haƙori kake jin sa. Ɓangaren dama tun daga gaba har baya haka ya yi ta amsawa, ina jin daɗi, ina yi wa tsohuwar Hilux kirari. Da na zagayo hagu, daidai inda kunnen sifirin ɗin baya yake riƙe da shasi, sai na ji dum. Na sake bugawa, dum. Wurin an lafta masa baƙar kwalta mai kauri fiye da ko'ina, ni kuwa tun da na sayi motar ina yaba wa wanda ya yi wannan shafen, ina cewa ga mutum mai kula da kayansa.

Na sa sukundireba na fara kankarewa. Kwalta ta tashi, sai ga fila irin ta masu gyaran bodi. Fila ta faffashe, sai ga wani siririn falle, bai fi na durom kauri ba, an ɗiga masa walda a kusurwa huɗu. Na ɓanɓare shi da hannu, da hannu fa. A bayansa rami ne da yatsuna uku suka shige, tsatsa tana ɓarewa falle-falle kamar ƙanzon tuwo. Abba ya ce, "Baba, mota ma tana ruɓewa?" Ban ba shi amsa ba.

Tsatsar kanta ba ta ba ni mamaki ba. Motar 'yar Beljiyam ce, ta Kwatano ta shigo, can Turai kuwa gishiri suke watsa wa titi lokacin ƙanƙara, ruwan gishirin nan ya shige cikin shasi ya kwanta. Wannan ƙarfen rufaffe ne ta kowane gefe, saboda haka daga ciki yake cinyewa, waje yana nan sumul. Da ta zo hannunmu kuma muka ɗora mata namu: taɓon damina, da buhunan yuriya da nake kai wa gona, wanda in ya zube janyo laima yake daga iska ya narke ya bi lungu-lungu. 'Yan ramukan da aka bari don ruwa ya tsiyaye duk laka ta toshe su. Abba ya zura waya ya yi ta zaƙulo busasshiyar ƙasa, har da ƙwayar masara a ciki.

Bayan azahar Oga mai walda ya iso da injinsa a bayan babur. Kawu ma ya shigo, ya ja benci ya zauna inda zai ga komai, kamar yadda ya saba.

Oga ya durƙusa, ya leƙa, ya zura yatsa, ya miƙe yana karkaɗe gwiwa. Ya ce, "Alhaji, wannan ai ba wani aiki ba ne. In samo falle in ɗora a kai, in ɗiɗɗiga, a bi da fila, a mayar da kwalta. Kafin la'asar an gama. In sayarwa za ka yi, wa zai kwanta ya leƙa nan?"

Na ce ba sayarwa zan yi ba.

Ya ce, "To ko ba sayarwa ba. Shekara nawa tana kai ka Dawanau a haka? Ta taɓa ajiye ka a hanya?"

Fallen da na ɓanɓare yana hannuna a lokacin. Na nuna masa, na ce abin da kake faɗa shi ne wannan. Ya karɓa ya jujjuya, ya taɓe baki ya ce wanda ya yi wannan bai iya ba, shi nasa zai fi haka kama jiki. Kawu ya kwashe da dariya har da tari.

Daga nan Kawu ya karɓe zancen. Su a zamaninsu, in ji shi, Fijo 504 ce akori-kura, wadda ake haɗawa a Kaduna, kuma ba su san wani maganin tsatsa na kwalba ba. Duk juyen mai sai a tara baƙin man a galan, a sa yaro ya shiga ƙarƙashi da tsumma ya shafe ko'ina. "Kai ɗan nan, boko ya sa ka wahalar da kanka. Baƙin mai da addu'a." Na ce Kawu ai kun fi mu sani, don ba a musu da shi a gaban baƙo. Kuma ba duka maganarsa ce ta tsufa ba. Mai yana ratsa gaɓar ƙarfe inda buroshin fenti ba ya kaiwa, yana korar ruwa. Illarsa a waje, ƙura yake kamawa ta zama ɓawo, kuma yana lalata robobin sifirin. Amma rami dai ba ya toshuwa da mai.

Na juyo wurin Oga na ce, to da motarka ce, kuma iyalinka za su hau, ya za ka yi? Sai mutumin ya canja. Ya nemi alli, Abba ya kawo masa na makaranta, ya koma ya durƙusa ya fara zane a jikin ƙarfen. Ya ce da farko a tokare shasin gaba da bayan wurin don kada ya saki, a auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarorin biyu a rubuta, in an gama a sake aunawa. A yanke duk inda ya ci har sai an kai ga ƙarfe mai haske mai cikakken kauri, ko da ramin zai ninka. A yanko sabon farantin ƙarfe mai kauri daidai da na shasin, kamar milimita 3, a zaunar da shi cif a gurbin. Sannan a ɗora wani a kai mai tsini ta gefe biyu, a dadduƙe bakinsa, domin in ka ja walda a miƙe daga sama zuwa ƙasa, nan ne zai tsage ranar da aka yi lodi aka faɗa rami. Waldar kuma kaɗan-kaɗan, nan a tsallaka can, a bari ya huce, in ba haka ba zafi zai murɗe ƙarfen mota ta riƙa tafiya a karkace tana cin taya. Har ya nuna mini bututun birki da ke bin gefen, ya ce a kwance shi a janye tukuna, ni ban ma kawo shi a raina ba.

Wannan shi ne abin da ya tsaya mini a wuya tun ɗazu. Da bai sani ba, da na ce jahilci ne na wuce. Ya fi ni sani nesa ba kusa ba. Aikin yana nan a kansa tsaf, amma wancan ya fara miƙo mini. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Alhaji, in na faɗi kuɗin wannan aikin, mutum sai ya ce zai je ya dawo. Gobe in gan shi a rumfar maƙwabcina ana ɗiga masa falle. Ni kuma yarana za su ci allin?" Kawu ya ce gaskiya ne. Ni ma na rasa ta cewa, domin na san yadda nake taya aiki in na je kasuwa.

Ina kwance a ƙarƙashi ina gurza bayan sun tafi, ranar kasuwa nake ta gani. Buhuna sun haura kan direba, mutane a zaune a sama, mata da goyo, wani da akuya a cinya. Duk wannan nauyin yana sauka kan kunnen sifirin, kunnen kuma yana riƙe da fila. In ya fizge ana gudu, gatarin baya zai goce gefe guda, sauran kuma sai abin da Allah ya yi. Na yi ta neman wanda zan ji haushi. Wanda ya sayar mini? Tare muka yi sallar la'asar ranar cinikin, ya ce mota ba ta da ciwon komai, kuma mai yiwuwa har ransa haka ya ɗauka. Kwaltar nan ta iya yiwuwa tun Kwatano aka shafa ta, ko tun kafin ta hau jirgi. Wani ya yi, wani ya saya bai leƙa ba, ya sayar wa wani. Haushin ya rasa masauki sai ya dawo kan Abba, na daka masa tsawa a kan sufana mai lamba 14 da take cikin aljihuna.

An ɗauke wuta wajen la'asar. Janareta, ƙara, Hajiya ta rufe tagarta da ƙarfi don in ji.

Ɓangaren dama dai ya samu. Burushin waya, sannan takardar yashi a lungunan, na wanke maiƙo da fetur, na shafa ruwan maganin. Asid ne mai sauƙi, yana cin jar tsatsa ya mayar da ita baƙa mai tauri wadda fenti zai kama. Kallon yadda ja ke rikiɗewa ya ɗan sanyaya mini rai. Da ya bushe na bi da jan fenti shafi ɗaya, siriri. Bushewa kam hunturu ba ya wasa, sai dai ƙura. Mun yayyafa ruwa a tsakar gida, mun rataya tsohuwar tabarma ta gefen iska, duk da haka in ka shafa da bayan hannu za ka ji tsakuwa-tsakuwa. Shafi na biyu zai rufe.

Takunkumin da na ɗaura ya koma ja. Maman Abba ta ce kada in kusanci shimfiɗa sai na yi wanka da ruwan zafi.

Tsiren Abba ya samu duk da ba mu gama ba, saboda tsawar nan.

Litinin in Allah ya kai mu zan shiga Ƙofar Ruwa neman farantin ƙarfe, zan tafi da guntun da muka yanko don a gwada kauri a gabana. Da Oga ba mu daidaita kan kuɗi ba tukuna, ya ce sai ya ga iyakar inda ruɓar ta tsaya, kuma na ƙudurta ba zan taya shi da yawa ba. Bayan isha'i sai ga jikan Kawu da galan cike da baƙin mai, wai in ji Kawu kada in ce bai taimaka ba. Zan tace shi da tsumma, in an gama walda da fenti in ɗura shi cikin shasin ta ramukan nan da famfon feshin gona, in bar shi ya tsiyaye a kan kwali. Hajiya ba ta san da wannan shirin ba tukuna.