Giya Biyar Ta Daina Fita: Inda Aka Kwana da Akori-Kurar Baba

'Yan'uwa masu koyo, yau Asabar ta shida ke nan ina kwance ƙarƙashin motar nan. Wanda bai san farkon zancen ba, tsohuwar Hilux ce da Baba ya bari, samfurin LN106, mai injin gas da ake kira 3L, girmansa lita 2.8, mai okzilari, wato ƙaramin giyabos da ke kai ƙarfi tayoyin gaba da na baya. Ta yi shekaru tana jigilar masara da gero daga Dawanau kafin ta faɗo hannuna. Ni ba bakanike ba ne, aikin ofis nake yi. Ran Asabar kaɗai nake zuwa gareji wajen Oga, ya ba ni safana, ya zauna yana kallona ina kuskure.

Ciwo uku na kawo ta da su. Giya biyu tana ƙarta in za ta shiga. Giya biyar tana fita da kanta ta koma firi da zarar na ɗaga ƙafa daga totur, har na saba tuƙi a titin Zariya da hannu ɗaya dafe da sandar giya. Sai kuma wani gurnani daga ƙasa da ke ƙaruwa in an yi lodi.

Ran farko na zo da niyyar a sauke giyabos. Oga ya ce, "Malam, kai da ba ka tambayi kuloci ba, za ka kama giya da laifi?" Muka duba, man kuloci ya yi ƙasa, ƙaramar silindar da ke jikin giyabos tana tsattsafo. In iska ta shiga layin, ko ka take feda har ƙasa farantin kuloci ba ya sakin fulawil, wato faifan ƙarfen da ke juyawa a bayan injin, gaba ɗaya, shaf yana ci gaba da juyawa, dole giya ta yi ƙara. Muka canza robobin, muka fitar da iska. Ribas da giya ɗaya suka yi laushi nan take, giya biyu kuwa ƙararta ta ragu amma ba ta tafi ba. Mun kuma canza 'yar robar da gindin sandar giya ke zama a kai, ta narke ta zama gari. Sanda ta daina lilo, giya biyar dai tana nan tana fita.

Abin da ya fi burge ni a duk aikin nan shi ne yadda Oga ya gano ciwon da kunne. Ya sa na tuƙa, shi yana gefe ya yi shiru. Giya biyu gurnani, uku gurnani, ina sa huɗu sai tsit, ina sa biyar ya dawo har ya fi. Ya ce na ji? A giya huɗu shaf ɗin gaba da na baya haɗewa suke su zama sanda guda, juyi ɗaya a gaba juyi ɗaya a baya, ƙarfin injin ba ya bi ta shaf ɗin ƙasa. Sauran giyoyin duk sai ƙarfi ya sauka ƙasa ya sake hawowa. To in ƙara ta ɓace a huɗu kaɗai, boris ɗin da ke ɗaukar wannan nauyi ne ya gaji. Da muka tsaya ya ƙara mini ɗaya: in mota na firi tana ƙara, ka take kuloci ta yi shiru, ciwon na cikin giyabos, in kuma sai ka take ne ƙarar ke tashi, rilis boris ne, wato boris ɗin da ke danna kuloci in an take feda. Na rubuta wannan a bangon littafina.

Da muka juye man giya, sai ga shi yana ƙyalli kamar an barbaɗa garin zinare. Zoben tagullan da ke daidaita gudun giya kafin ta shiga ne ya cinye, shi ya sa biyu ke ƙarta. Maganaɗisun notin juye mai kuwa ya yi gashi da garin ƙarfe. Ban zargi kowa ba, amma na san direbobin da suka riƙe motar. Buhu ya cika baya, a sa biyar tun mota ba ta yi gudu ba don a tsimi gas. Giya biyar ta gudu ce a hanya miƙaƙƙiya, haƙoranta ƙanana ne, kuma injin gas in yana juyi a hankali dukan guduma yake yi musu.

Sai Kofar Ruwa, kasuwar kayan gyaran mota, neman wata giyabos. A nan kwaɗayi ya kusa kai ni. Wani mai shago ya nuna mini giyabos samfurin R151F, ya ce ta fi tawa, G52, ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma gaskiya ya faɗa. Na riga na fara taya. Oga ya tsuguna ya ƙirga haƙoran shaf ɗin baya, 23. Okzilarina mai 21 ne. Ga kwandon gaba da ke haɗa ta da injin nata daban ne, sai an nemo wanda zai hau 3L, sannan a auna farfela, sandar da ke kai juyi zuwa tayoyi, gaba da baya, a duba ƙarfen da take zama a kai, a ga ko sanda za ta fito ta ramin da ke bodi. Ana yin wannan canji, kuma wanda ke jan kaya kullum zai more shi. Ni da nake koyon riƙe safana, aljihuna kuma na albashi ne, na haƙura na sayi G52 'yar Beljiyam.

Mai shagon ya rantse daga motar gas aka ciro ta. Muna ajiye ta kusa da tsohuwar a ƙasa, ramukan noti suka ƙaryata shi, kwandonta na injin fetur ne. Allah ya taimake ni kwandon kuncewa yake, muka ɗora nata na da, muka auna tsawon shaf da faɗin bakinsa, suka zo daidai. Kada ku yarda ku ɗaga giyabos sama kafin ku jera tsohuwa da sabuwa a ƙasa da tef a hannu. Tun da an riga an buɗe, na sa sabon faranti da rilis boris da ɗan ƙaramin boris ɗin da ke tsakiyar fulawil.

Kuskurena na wannan makon: na ɗaure faranti da ido, ban saita tsakiyarsa ba. Awa biyu muna tura giyabos a kan jak, ni da yaron gareji, ta tsaya saura yatsa biyu ta ƙi shiga. Na ɗauko dogayen noti zan jawo ta da ƙarfi, Oga ya daka mini tsawa daga inda yake alwala, ya ce haka ake fasa kwando a lanƙwasa faranti. Muka sauke, ya miƙo mini wani tsohon shaf da ya yanke ya ajiye don wannan aiki, na zura shi ta cikin faranti, na ɗaure notin kaɗan-kaɗan ina tsallakawa. Turawa ɗaya ta zauna.

Na zuba man giya 75W-90 har ya fara dawowa ta ramin gefe. Bayan la'asar na kai ta Kwanar Dawaki na dawo, hannuna biyu a kan sitiyari, biyar ba ta motsa ba. Giya uku tana ɗan kuka siriri, Oga ya ce in saurare ta wata guda kafin in yi magana. Allurar gudu ba ta tashi, ina zaton wayar ce ban zaunar da kyau ba, kuma na ga ɗigon mai wajen farfelar baya.

Tsohuwar G52 tana kan benci an rufe ta da buhu. Asabar mai zuwa zan buɗe ta in ga haƙoran giya biyar da idona. Wanda ke da fula, abin zare giya daga jikin shaf, mai dogayen ƙafafu ya taimaka ya zo da ita, ta Oga gajeriya ce.