Kwalbar Baba mai goro

Ina cikin shekarata ta biyu a wani kantin magani a Agege, kusa da layin dogo, lokacin da wani dattijo mai sayar da goro ya shigo da takardar likita a naɗe cikin leda, jikansa na riƙe da hannunsa. Uwar ɗakina, wadda ita ce ta karanci harhaɗa magani kuma lasisinta ne a bango, Bayarabiya ce. Hausa ce ma ta sa ta ɗauke ni aiki, don yawancin masu shigo mana 'yan Arewa ne, daga 'yan goro zuwa mahautan Oko-Oba.

Na warware takardar, na karanta sunan maganin, na leƙa kanta, na buɗe firij, na ce, "Baba, babu."

"Ɗana, kai ne na bakwai da ya faɗa min haka," in ji shi. Ya mai da takardarsa cikin leda, ya juya.

Madam ta ɗago kai daga lissafin da take yi ta ce in tsayar da shi. Ta sa na tambaye shi kwana nawa rabonsa da ɗiga maganin. Ya ce kwana tara. Ya ƙara da cewa ai ba komai, idon ba ya ciwo, tsohuwar kwalbar ma sai da ya ja ta wata biyu saboda yana tsallake rana. Da na fassara mata, sai ta ajiye biro.

Hawan jinin ido ke damunsa, wanda likitoci ke kira gilokoma. Sunan yana ruɗar mutanenmu, don ba shi ne hawan jinin da ake aunawa a dantse ba. Ruwan da ke cikin ƙwayar ido ne ba ya samun mafita yadda ya kamata, sai matsi ya taru yana cin jijiyar gani a hankali, daga gefe-gefe. Yanar ido ana cire ta da tiyata mutum ya koma yana gani. Wannan kuwa abin da ya ci ya ci. Ni da na ce "babu" cikin daƙiƙa goma, kamar an tambaye ni sabulu, ban san nauyin abin da na faɗa ba.

Lokacin ƙarshen 2023 ne. Tun watan Yuni da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dala ta yi tashin gwauron zabi, masu shigo da magani suka rage oda. A watan Agusta babban kamfanin magunguna na GSK ya sanar da cewa zai daina gudanar da kasuwancinsa kai tsaye a Najeriya, kuma kowa a sana'ar ya san iskar da ke kaɗawa. Magungunan ido irin na Baba galibi daga waje suke zuwa, masu sayensu ba su da yawa, wasu kuma sai an ajiye su a firij. Mai ƙaramin kemis da ke fama da ɗaukewar wuta da kuɗin man janareto ba zai zuba jarinsa a kansu ba.

Madam ta kira dillalanta na Ikeja da Surulere, kowa ya ce sai dai a jira. Ni kuma zumuɗi ya ɗebe ni. Washegari ranar hutuna ce, sai na hau danfo, wato ƙaramar bas ɗin haya ta Legas, zuwa Oshodi, na sake wata zuwa Idumota, ban gaya wa kowa ba. Duk wanda ya san Legas ya san ana cewa maganin da babu shi a Idumota to babu shi a ƙasar. Na yi ta kutsawa cikin lunguna, ana nuna min wannan bene, ana tura ni wancan, har wajen la'asar wani ya miƙa hannu saman kanta ya zaro min shi. Shagon rufin kwano ne, fanka ɗaya tana juya iska mai zafi, gumi har cikin takalmina. Na biya da kuɗina na fito ina jin kaina gwarzo.

Da safe na ajiye shi gaban madam. Ba ta yi murmushi ba. Ta juya kwalin, ta duba lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, da ranar lalacewa, duka lafiya. Sannan ta ce, "Daga firij ya ciro maka?"

Na yi shiru.

Ta ɗora farce a kan wani ɗan rubutu a gefen kwalin: a adana tsakanin digiri 2 zuwa 8 kafin a buɗe. Ta ce ba ta ce jabu ba ne, amma wa ya san wata nawa ya yi a wannan zafin? Idan ƙarfinsa ya ragu, Baba zai yi ta ɗigawa kullum hankalinsa kwance, matsin idon na nan yana aikinsa. Ta jefa shi cikin kwalin kayan da za a lalata. Kuɗina na mako guda ke nan. Da NAFDAC ta rufe kasuwar maganin Idumota tare da na Onitsha da Aba a Fabrairun 2025, wannan kwalin ne ya fara faɗo min a rai.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne mafitar tana rubuce a jikin kwalin da na sha wahalar nema. Ni sunan da kamfani ya raɗa masa nake ta bi, mai manyan baƙaƙe. A ƙasansa da ƙananan baƙaƙe an rubuta abin da ke ciki: latanoprost da timolol, an haɗa su a kwalba ɗaya. Timolol tsohon magani ne mai sauƙin kuɗi, muna ma da shi a kanta. Latanoprost shi kaɗai kuwa, na wani kamfanin Indiya, akwai shi a firij ɗin wani dillali a Ikeja. Na ce to a ba shi mana. Ta ce a'a, likita ne ya auna idon, shi zai sauya takarda. Ta rubuta 'yar wasiƙa, jikan ya kai asibiti, sai da aka ƙara kwana biyu kafin ya dawo da sabuwar takarda. A lokacin na ga kamar tsaurin kai ne. Yanzu da na ga yadda wasu ke miƙa wa duk mai jan ido maganin da ke da dexamethasone ba tare da tambaya ba, alhali irinsa yana iya ɗaga matsin ido, na daina ganin haka.

Ni na je Ikeja na ɗauko, a cikin filas da ƙanƙara naɗe a tsumma. Kafin ta miƙa masa sai da ta sa na tambaye shi ko yana da asma ko ciwon zuciya, don timolol na iya toshe numfashi ya kuma rage bugun zuciya, duk da a ido ake ɗiga shi. Daga nan aikin ya koma hannuna. Baba ba ya karanta boko, kwalaben kuma girmansu ɗaya. Sai na rubuta masa da ajami a jikin kwali, na ɗaura jan zare a wuyan guda. Agogo bai dame shi ba, don haka muka ɗaure abin da salla: mai zare bayan Asuba da bayan Magariba kamar yadda likita ya rubuta, ɗayan ɗigo guda bayan Isha. Na nuna wa jikan yadda zai ja fatar ido ta ƙasa, kada bakin kwalba ya taɓa idon, sannan Baba ya rufe ido ya danna lungun da ke kusa da hanci na ɗan lokaci. Na rubuta ranar da aka buɗe, na ce bayan mako huɗu a yar ko da saura.

Nan ya yi gardama. "Ɗana, a zubar da abin da aka saya da kuɗi?"

"Baba, goron da ya yi tsutsa kana haɗa shi da mai kyau a huhu ɗaya?"

Ya yi dariya har hularsa ta karkace.

Tun daga ranar muka buɗe wani littafi mai baƙin bango. Duk mai ɗiga irin wannan magani muna rubuta ranar da zai ƙare masa, saura kwana goma mu fara kiran dillalai. Sunan Baba ne a shafin farko. Har yanzu idan na tsaya ta gefensa na hagu ba ya ganina sai na yi magana, sai ya juyo gaba ɗaya, ya laluba aljihu ya miƙo min farin goro.