Ƴar ƙaramar jakar soja, ba ƙatuwar ba

Mu nan Kano in aka ce jakar soja, abin da ke faɗo wa mutum a rai shi ne ƙatuwar nan da za ka ga soja ya goyo a tasha zai koma Barikin Bukavu ko Janguza, wadda ta kusa rufe masa ƙeya. To ni dai ba ita ce ke burge ni ba, ƙaramar ce, wadda yake ɗauka idan an ce a bar manyan kaya a sansani ko cikin mota a shiga daji da ƙafa, kwana ɗaya ko biyu ko uku, kuma ba wanda zai biyo ka da ruwa ko harsashi.

Matsalar gaba ɗaya nauyi ce. Tsohuwar ƙa'idar da masana harkar soja ke maimaitawa ita ce kada kayan mutum su wuce kashi ɗaya cikin uku na nauyin jikinsa, wato mai kilo 70 ya tsaya wajen kilo 23, amma wallahi a aikace ba a cika bin ta ba, domin kafin ma a zo maganar jaka akwai bindiga, akwai sulke, akwai hular kwano da jigidar harsashi. A yaƙin Falklands na 1982 sojojin Birtaniya sun taka kusan kilomita 90 da ƙafa, kowa da kaya wajen kilo 36 a baya, kuma can sanyi ake. Yanzu ka kawo wannan lissafin Sambisa ko bakin Tafkin Chadi a watan Afrilu, inda litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce cif, kuma mai tafiya cikin wannan rana lita uku ba za ta kai shi la'asar ba. Ka ga kenan rabin jakar ruwa ya cinye, sauran wurin kuma harsashi da batirin oba-oba da bandeji da ɗan abinci su yi ta rububi.

Shi ya sa ni a ganina ƙanƙantar jakar ba aibi ba ne, ita ce ma dabarar. Duk wurin da ka ba mutum sai ya cika shi, kamar dai Ghana-must-go ɗin mai tafiya ƙauye sallah, to soja ma haka ne, in jaka ta ɗauki lita 80 sai an samu abin da aka cusa, in kuma lita 25 ko 30 ce dole ya zauna ya zaɓi abin da ransa ya dogara a kai.

Turawan Ingila sun yi wata hikima a jakarsu ta PLCE, aljihunan gefe guda biyu da zif aka haɗa su da uwar jakar, sai ka zuge su ka cire ka haɗa su waje ɗaya su zama ƴar jakar goyo, ka bar uwar a baya. Amurkawa kuma tun 1973 suka yi tasu jakar mai suna ALICE, daga baya wajen 1997 suka fito da wata mai suna MOLLE, kuma ita ce yanzu kowa ke kwaikwaya har masu ɗinka jakar ƴan makaranta. Na taɓa juya wata ta gwanjo a Ƙofar Wambai na ƙare mata kallo, layi-layin igiyar nailan ne a kwance a bayanta, faɗin kowace inci ɗaya, an bi ta da ɗinki duk bayan inci ɗaya da rabi, to a nan ake saƙa ƙaramin aljihu, ka zura maɗaurinsa ta cikin na jaka ka dawo ta cikin nasa ka sake zurawa har ƙasa, in ya zauna ko gudu kake ba ya rawa. Mai magani ya liƙa aljihun magani, mai oba-oba ya liƙa na batir, jaka ɗaya ce amma kowa da yadda ya shirya tasa.

Sai dai fa yawancin waɗanda ake zubewa a kasuwa ado ne kawai. Yadin asali irin su Cordura yana da kauri da ɗan kaushi a hannu, cikinsa kuma an shafe shi da wani abu mai hana ruwa shiga, na jabun kuwa ka ɗaga shi a rana za ka hango haske, kuma wurin da hannun goyo ya haɗu da jaka nan yake fara ɓarkewa. Wata da na saya wa ƙanina zif ɗinta ko zango ɗaya na makaranta bai yi ba. In dai za ka saya, ka ja hannun da ƙarfi a gaban mai kaya, ka duba ko akwai maɗaurin ƙirji, sannan don Allah ka nemi baƙa ko ruwan ƙasa, ka bar mai zanen kakin soja, don rundunar soja ta sha gargaɗin farar hula a kan sa shi, kar ka je shingen bincike ka tsaya dogon bayani a kan jakar da littafi da caja ne kawai a ciki.