Shekarata ta farko da motar 'yan makaranta mai lantarki

Shekara tara ina tuƙa motar ɗalibai mai ruwan ɗorawa a unguwar Bronx ta birnin Niyok kafin kamfaninmu ya damƙa mini mai lantarki. Ba don son ransu suka sayo ta ba. A 2022 jihar Niyok ta kafa dokar cewa nan da 2035 kada a ga motar makaranta mai hayaƙi a kan titi, gwamnatin tarayyar Amurka kuma tun a 2021 ta ware dala biliyan 5 na tallafi, tunda kuɗin guda ɗaya ya sayi na dizal biyu har da canji.

Ranar farko na kunna, na ji tsit. Ina ta murɗa makulli, sai wani abokin aikina ɗan Kumasi ya leƙo yana dariya: "Alhaji, ai tun ɗazu ta tashi."

Tuƙin bai ba ni wuya ba, sanyi ne ya koya mini karatu. Motar dizal da zafin injinta take ɗumama yara, kyauta. Wannan kuwa daga batir take ɗiba, wato cajin da zai kai ka makaranta shi ne yake ɗumama ƙafafunsu. Wata asuba a watan Janairu na tarar da batir bai kai rabi ba, ashe da yamma na soka wayar caji na juya ban tsaya na ga ta kama ba. Laifina ne. Aka ba ni tsohuwar dizal, na isa a makare, iyaye na tsaye cikin ƙanƙara suna harara.

Tun daga ranar ba na barin gareji sai na ga fitilar caji ta kawo. Da safe nakan ɗumama motar tana jone da wuta. Na kuma daina taka birki da ƙarfi: in ka ɗaga ƙafa daga totur da wuri, ita da kanta take rage gudu tana mayar wa batir da caji.

Bronx ta yi suna da yawan yara masu asma, don haka rashin hayaƙi a bakin ƙofar makaranta ba ƙaramin abu ba ne. Amma abin da ban zata ba shi ne kunnena ya buɗe. Shekara biyu ina tsawata wa wani yaro kan rigimar kujerar baya, sai da ƙarar inji ta ɗauke na gane ƙanwarsa ce take tsokano shi.